MAJIGIN ZAMANI YA TSAYA A BIRNI: WA ZAI KAWO SHI ƘAUYE?



Ya ku iyayena manoma da makiyaya, ya ku iyayena mata da ke cikin gidaje, ya ku 'yan'uwana samari da 'yammata, ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Wanda Allah ya ba shi karatun boko, don Allah ya karanta wannan takarda da ƙarfi a dandali ko a ƙofar gidan mai unguwa, domin wanda bai iya ba shi ma ya ji, ya kuma faɗi albarkacin bakinsa.

Ni malamin makarantar firamare ne kafin in ajiye alli in shiga aikin jam'iyya. Zancen taki da rijiya da asibiti yana nan a wasu shafuna na wannan ɗan littafi. Nawa zancen a kan kallo ne, wato telebijin. Na san yanzu wani dattijo zai kaɗa kai ya ce, "Kai yaro, ana ta kai wa yake ta kaya? Muna fama da tsadar hatsi kana kawo mana zancen kallo?" Baba, ka yi mini haƙuri ka ji ƙarshen maganar. In na gama ka ga shirme ne, to, ka naɗe goro da takardar.

YADDA KALLO YA FARA ZUWA MANA

Kakanninmu sun ba mu labarin majigi. Tun zamanin Turawa har zuwa zamanin Sardauna, mota ce ke zuwa gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, sanƙira ya zaga ya yi shela. Bayan sallar lisha gari ya taru. A nan aka nuna wa mutane Baban Larai da yadda ake noman auduga, a nan aka nuna tsabta da allurar rigakafi da yaƙi da jahilci. Ku lura da abu guda: a wancan zamani hukuma ce ke ɗauko kallo ta kawo shi har ƙauye, domin ta san ilmi ne.

Daga nan sai telebijin ya zo. An fara buɗe shi a Ibadan a 1959, aka buɗe na Kaduna a 1962. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen telebijin a ƙarƙashin hukuma guda, wato NTA. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa wa Jihar Kano nata gidan, CTV 67, wanda yau ake kira ARTV. Iyayenmu sun ga Samanja da Karkuzu a akwatin baƙi da fari, yara cike da zauren mai hali, wasu na leƙe ta taga.

Amma wannan telebijin yana da hali irin na kasuwar ƙauye. Ranar da take ci, ranar take ci. In an sa shirin noma ƙarfe biyar na yamma kana gona, ya wuce ka ke nan. In an sa darasin lissafi yaro yana kiwo, sai dai ya ji labari. Tasha ce ke zaɓen abin da za ta nuna da sa'ar da za ta nuna shi, kai naka zama da ido.

ABIN DA YA SAKE

Yanzu duniya ta sake lale. Hoto da murya sun koma bin hanyar intanet, hanyar nan da saƙon wayar hannu yake bi. Ta wannan hanya kallo iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, wato ka ga labarai ko tafsiri ko ƙwallo a daidai lokacin da ake yi. Akwai kuma na ajiye, wanda ya fi kama da rumbu. An zuba shirye-shirye dubbai a cikin manyan na'urori, kai ne za ka buɗe ka ɗebi wanda kake so a lokacin da ka ga dama. Ka tsayar da shi ka je ka yi salla, ka dawo ka ci gaba. In ba ka gane ba ka mai da shi baya, sau goma in ka so, ba wanda zai yi maka tsawa.

Irin wannan rumbu shi ne YouTube, shi ne Netflix da ya shigo Nijeriya a 2016. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014 take nuna Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ita ma ta buɗe nata rumbun a intanet. Finafinan Hausa masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, jama'a da yawa a YouTube suka san su.

To, yaya hoton yake isowa? Ku saurara, ba tsafi ba ne. Ana yayyanka hoton ƙanana-ƙanana, a turo shi bi da bi, na'urarka ta harhaɗa shi ta nuna maka. Babbar hanyar da yake bi wata igiya ce da ake binnewa a ƙasa, ma'aikata na ce mata faiba. A cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske ne ke gudu a ciki ɗauke da saƙo. Manyan igiyoyin sun biyo ta ƙarƙashin teku daga Turai sun fito a Ikko: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google a 2022. Daga bakin teku sai a ja wasu igiyoyin a gefen titi zuwa manyan birane, daga nan zuwa gindin dogon ƙarfen nan na sabis, shi kuma ya watso wa wayarka ta iska. A wasu unguwannin birni ma har cikin ɗaki ake shigar da igiyar, a jona ta da akwatin telebijin, ba eriya ba faranti.

Wanda yake shakkar muhimmancin igiyar nan ya tuna watan Maris na 2024, lokacin da igiyoyi huɗu suka lalace a cikin teku a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna suka rikice, aikin ofisoshi ya tsaya, mutane suka yi ta duban waya kamar an yi mata baki.

Sai ku riƙe wannan misali. Saƙon rubutu kamar mai tafiya a ƙasa ne, ko ta burtali zai wuce. Murya kamar mai keke ce. Amma hoto mai motsi babbar mota ce shaƙe da kaya, sai titi mai faɗi. Hoto mai kyau yana neman gudun megabit 3 zuwa 5 a kowane sakan, ba yankewa. Kallon sa'a guda yana cin data daga rabin giga zuwa giga guda in hoton matsakaici ne, in kuwa tangaran ne yana iya cin giga 3. Shi ya sa a garinmu za ka iya kiran ɗanka da ke Fatakwal ku gaisa, amma da ka taɓa bidiyo sai ka ga ɗan zoben nan yana ta juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Titin bai iso ba, burtali kawai muke da shi.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona. Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, ina riƙe da aji shida, yara 63. Aka ce yara su bi darasi ta rediyo da telebijin da intanet. Na yi dariya, amma irin dariyar da ta fi kuka ciwo. A duk garin akwatin telebijin da ke aiki bai fi a ƙirga da yatsun hannu guda ba, su ma sai an ta da inji.

Akwai wani tudu a gabas da gari, bayan makabarta, inda sabis yake ɗan kamawa. Can nake hawa bayan sallar asuba da wayata, in ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, ina jiran darasin lissafi na minti 20 ya sauko. Wani lokaci sai hantsi ya dubi ludayi bai gama ba. Wani lokaci ya kai kusan ƙarshe ya yanke, datar da na saya da ɗan albashina ta tafi a banza. In na dace, sai in tara yara biyar-biyar a zaure su kalla a 'yar wayar, kai da kai.

A cikinsu akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba zan faɗi sunanta ba. Ita ce ke cewa, "Malam, a mai da shi baya, ban gane wajen rabawar ba." Na mai da shi sau uku, a na huɗu ta karɓe alli ta yi wa sauran bayani a jikin bango. A ranar na gane amfanin wannan abu. Malamin da ke cikin rumbu ba ya gajiya, ba ya duka, ba ya tafiya yajin aiki.

A wannan lokaci ɗan wana da ke zaune a birni, sa'an yarinyar nan, yana kwance a kan katifa yana kallon darasi bayan darasi. Da aka buɗe makarantu bayan wata shida da ɗoriya, shi ya ci gaba, nawa yaran kuwa sai da muka koma baya muka sake harsashi. Ba fin su kai ya yi ba. Titi ne ya bi ta ƙofar gidansu. Kuma ku tuna, tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ɗan birni da ɗan ƙauye ɗaki guda za a zaunar da su, tambaya guda, lokaci guda.

ALKAWARI DA CIKAWA

Kada wani ya ce muku gwamnati ba ta san da maganar ba. A watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ƙasa na faɗaɗa intanet na shekara biyar, 2020 zuwa 2025, lokacin Malam Isa Ali Pantami yana Ministan Sadarwa. A rubuce yake cewa kafin ƙarshen 2025 za a sami gudun megabit 25 a birane, megabit 10 a ƙauyuka, intanet mai ƙarfi ya kai kashi 70 cikin 100 na jama'a, kuma giga guda kada ya wuce Naira 390. Magana mai daɗi. Amma a farkon 2025, ta lissafin Hukumar Sadarwa ta NCC da kanta, ba a kai ko kashi 50 ba. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wani sabon shiri na binne igiya mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa, a kan kuɗi wajen dala biliyan 2. Muna fatan alheri. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun ga yadda aka yi da alkawarin mai da tashoshin telebijin kan tsarin dijital: wa'adin duniya Yuni 2015 ne, ya wuce ba a yi ba, sai a Afrilu 2016 aka fara a Jos, daga nan aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce: cikin kilomita 90,000 ɗin nan, nawa ne zai biyo ta ƙaramar hukumarmu, kuma wa zai tsaya ya ga an yi?

INA GIZO YAKE SAƘA?

Me ya hana igiya zuwa ƙauye? Dalilai huɗu ne, kuma ukun cikinsu suna hannun mutanen da ku ke zaɓa.

Na ɗaya, lissafin ɗan kasuwa. Kamfani riba ya fito nema. In ya binne kilomita guda a Sabon Gari ta Kano zai sami masu saye dubbai, in ya binne kilomita 50 zuwa garinmu zai sami ɗaruruwa. Ba zagin sa za mu yi ba, haka ciniki yake. Aikin hukuma ne ta sauƙaƙa masa hanya, ta kuma cike gurbin da ya bari.

Na biyu, kuɗin haƙa. Kafin kamfani ya haƙa rami a gefen titi sai ya biya gwamnati kuɗin izni a kan kowace mita. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni duka ke cikinta, ta tsai da Naira 145 a kan mita guda. Amma jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, suka riƙa karɓar dubbai. Jihar Ekiti Naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko zuwa 145 a 2020. Bari malamin lissafi ya yi muku lissafi. Kilomita 50 mita 50,000 ke nan. A kan Naira 145, kuɗin izni ya kama Naira miliyan 7 da dubu 250. A kan Naira 4,500 kuwa ya kama Naira miliyan 225, tun ba a sayi igiya ba, ba a biya lebura ko ɗaya ba. Wane ɗan kasuwa ne zai zo? A shekarar 2020 ɗin Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, wasu jihohi suka bi sawu daga baya. Ashe ke nan abu ne da alƙalamin gwamna guda yake iya yi da safe kafin azahar.

Na uku, wuta da tsaro. Ƙarfen sabis ba ya aiki sai da lantarki. Inda babu, sai inji da man gas dare da rana, kuɗin kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Ga ɓarayin batir, ga 'yan kwangilar titi da ke sa katafila ta tsinke igiya su yi gaba abinsu. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsare. Amma doka a takarda ba ta gadin ƙarfe, sai hukumar da ke kusa ta tashi tsaye, tare da masu gari da 'yan sintiri.

Na huɗu, asusun da ba mu san da shi ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu, ana kiransa USPF, wanda ake zuba masa wani kaso daga kuɗin da kamfanonin waya ke biyan hukumar NCC. An kafa shi ne musamman domin kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba za su je don kansu ba, wato irin garuruwanmu. Kuɗin nan daga katin da kuke sawa a waya suka samo asali. Wa ya taɓa jin wakilinmu na Majalisar Tarayya ya dawo gida ya tara mu ya ce, ga abin da na nemo wa mazaɓata daga wannan asusu? Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Wani zai ce, ai yanzu akwai intanet na tauraron ɗan'adam, Starlink ya shigo Nijeriya tun Janairu 2023, ba ruwansa da igiya. Gaskiya ne, kuma yana da amfani ga rugage da tungayen da ke can nesa. Amma kuɗin kayansa dubban ɗaruruwan Naira ne, ban da na wata-wata. Talaka shi kaɗai ba zai iya ba, sai dai hukuma ta saya wa makaranta ko asibiti jama'a su amfana tare.

AMSA GA BABA

Yanzu na dawo gare ka, Baba, kai da ka ce ana ta kai wa yake ta kaya. Ban ce kallo ya fi tuwo ba. Amma ka gaya mini, yaushe rabonka da ganin malamin gona a gonarka? Tun 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar nan. Da akwai hanya, da bidiyon minti 10 cikin Hausa ya nuna maka kamanninta, da lokacin feshi, da ma'aunin magani, ka kalla a gindin bishiya ka sake kalla. Unguwarzoma ta ga alamun da ke cewa a gaggauta kai mai naƙuda asibiti. Makiyayi ya ga yadda ake gane ciwon huhu a shanu tun bai gama garke ba. Wannan shi ne aikin da majigi ya yi wa kakanninmu, sai dai majigi sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, wannan kuwa kullum yana aljihu.

Sa'an nan akwai sana'a. Yau in saurayi yana son fim sai ya kai memorinsa kasuwa wajen masu turi, a cika masa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim ɗin ko kwabo ba ya samu. In kuwa ta intanet aka kalla, ana ƙirga masu kallo, mai abu ya sami rabonsa daga talla ko daga kuɗin rajista. Masu jin Hausa miliyoyi ne, daga nan har Nijar da Gana da Kamaru da Sudan. Kasuwa ce babba, kuma 'ya'yanmu ne za su ci ta: mai ɗaukar hoto, mai rubuta labari, mai gyaran waya, mai haƙa ramin igiya, mai kula da ƙarfe.

Iyayena mata kuma na san abin da ke ranku. Kuna cewa wannan abu zai ɓata tarbiyya. Wallahi tsoronku yana kan hanya, ba zan ruɗe ku ba. A cikin rumbun nan akwai tsaba akwai tsakuwa, akwai ma guba. Amma ku duba da kyau: gubar ta riga ta shigo gari a cikin memori, ana tura ta daga waya zuwa waya a ɓoye, ba ta jira igiya ba. Abin da bai iso ba shi ne mai amfanin, domin darasi da tafsiri da shirin noma ba su ne masu turi suka fi cika wa yara ba. Wuƙa tana yanka nama tana yanka hannu, ba a hana gida wuƙa, sai dai a hana yaro wasa da ita. Na'urorin nan suna da makulli da iyaye za su iya sawa. A makaranta kuwa ana iya tsara hanyar yadda ba abin da zai shigo sai wanda malamai suka yarda da shi. Wannan ma aiki ne da sai an koya wa iyaye, kuma yana cikin abin da muke nema.

ABIN DA MUKA TSAYA A KAI

Saboda haka ga matsayinmu a kan wannan batu, a fili, yadda gobe za ku iya kama mu da bakinmu.

Ɗaya: a yafe kuɗin haƙa ga duk igiyar da za ta fita daga babban birnin jiha zuwa ƙauye, a kuma sa shi cikin doka ta Majalisar Dokokin Jiha, yadda wani gwamna ba zai zo ya soke shi da baki ba, wata hukuma kuma ba za ta dawo da shi da wani suna ba.

Biyu: duk sabon titin da jiha za ta yi, a binne bututun igiya tare da shi tun farko. Haƙa ɗaya ta fi haƙa biyu araha. Ɗan kwangilar da ya tsinke igiya kuwa ya biya gyara daga aljihunsa.

Uku: igiya ta isa hedkwatar kowace ƙaramar hukuma, daga nan ta zarce zuwa babbar makarantar sakandare da asibitin da ke kowace gunduma.

Huɗu: a kowace mazaɓa a kafa ɗakin kallo na jama'a mai aiki da hasken rana, da babban akwati, da ɗan rumbunsa na cikin gida wanda zai riƙa sauko da darussa da shirye-shiryen noma da na lafiya cikin dare, yadda da rana ko sabis ya ɗauke ana iya kallo. A ware wa mata ranakunsu da sa'o'insu, mace ce za ta kula da su.

Biyar: gidan telebijin na jiha ya zuba shirye-shiryensa a intanet kyauta cikin Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu, har da zaman Majalisar Dokoki, domin ku ga wakilinku da idonku, ko yana magana ko yana gyangyaɗi.

Shida: wakilanmu na Tarayya su riƙa zuwa gida sau ɗaya a shekara su karanta wa jama'a abin da mazaɓarsu ta samu daga asusun USPF da kuma shirin kilomita 90,000.

RANAR ZAƁE

'Yan'uwa, kwanan nan motoci za su fara shigowa da ƙura da kiɗa da lasifika. Za a kawo atamfa da sabulu da taliya. Sabulu kwana bakwai ne ya narke, mulki kuwa shekara huɗu ne. Duk ɗan takarar da ya tsaya a gabanku, namu ne ko na wasu, ku yi masa tambaya uku. Nawa jiharmu take karɓa a kan mita guda ta igiya? Kilomita nawa ne tsakanin garinmu da inda igiya ta tsaya? A wace shekara za ta iso makarantarmu? In ya amsa da lissafi, ku rubuta ku ajiye, ku sa liman da mai gari su zama shaida. In ya fara kame-kame yana cewa wannan zancen 'yan birni ne, to, kun san matsayin da ya ajiye ku. Ku tambaye shi a ina nasa 'ya'yan suke kallon darasi.

Ku adana katin zaɓenku kamar yadda kuke adana irin shuka. Kada ku ba kowa ajiya, kada ku sayar. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku jefa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Har yanzu in na je gida nakan ga yara a kan tudun nan na bayan makabarta, hannu a sama, suna jiran abin da sa'o'insu na birni ke samu a kwance. Ƙuri'arku ce za ta sauko da su.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.

Naku,
Sakataren Tsare-tsare na Jam'iyya, Reshen Ƙaramar Hukuma